Gwaggo ta tafi, gawonta na tsaye: Tunawa da wata ƴar kasuwar Matamaye

  A yau ba maganar farashin tiyar hatsi muka zo da ita ba, ba kuma ta canjin Naira da Sefa ba. Labarin wata ƴar uwarku ne muka kawo muku, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana kasa kayan miya a kasuwar Matamaye, Allah Ya yi mata rasuwa bayan doguwar jinya.

Mu ma'aikatan gidan rediyo babu abin da muka saba da shi kamar sanarwar rasuwa. Kusan kullum sai an miƙo mana takarda, mu karanta sunan mamaci da unguwarsu da gidan da ake zaman makoki, mu yi masa addu'a, sannan mu wuce zuwa tallar taki ko ta sabulu. A cikin minti ɗaya mun naɗe rayuwar mutum kaf. To, ranar da ta kama mu ne muka rubuta takardar da hannunmu, muka zauna gaban na'ura muka buɗe baki, sai murya ta ƙi fita, dole wani abokin aiki ya karɓa ya karanta. Tun daga ranar muke jin akwai bashin da minti ɗaya bai biya ba, shi ne muka zo biya a wannan shafi.

Marigayiyar gwaggonmu ce, ƙanwar mahaifinmu, kuma a ɗakinta muka yi rabin ƙuruciyarmu. Ba za mu kama sunanta ba, na farko don kunya irin ta ɗa da uwa, na biyu kuma ko lokacin da take raye ta sha ja mana kunne kada mu kuskura mu gaishe ta a rediyo, wai masu cin bashinta za su ɗauka ta yi arziki su ƙi biya. Saboda haka Gwaggo za mu ce, kamar yadda rabin kasuwar ke ce mata.

Gonar da aka yi wa dariya

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Matamaye ita ce babban birnin gundumar Kance a jihar Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takyeta ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Nijeriya ta wajen Daura. Ƙasa ce ta hatsi da dawa da wake da gyaɗa, ga raken fadamun Dungu da ake lodi zuwa garuruwa masu nisa. Ƙasa ce kuma mai cikar jama'a, inda gonaki suka ƙanƙance saboda rabon gado, har ya zama da wuya mutum ya bar gonarsa ta huta ko da shekara ɗaya.

Mu ba a haife mu ba lokacin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Amma mun sha jin labarinta daga bakin Gwaggo, wadda a lokacin take da goyon fari. Takan ce ba yunwar ciki kaɗai ta tsaya mata a rai ba, har da yadda ƙasa ta zama fayau. Mace kan fita neman itacen girki tun da hantsi, ba ta dawowa sai la'asar, wani lokaci ma ta ƙare da kara da kashin shanu. In an yi shuka, iska ta taso ta binne tsiron da rairayi, a sake shuka sau biyu ko sau uku. Maza sun watse neman abin kaiwa baka, an bar mata da yara da gona.

A cikin wannan hali ne ta fara abin da aka daɗe ana yi mata dariya a kansa, a ƴar gamanar da maigidanta ya yanka mata. A wancan zamani manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya sassabe duk wani toho ya tara ya ƙone. Ga kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, domin mutum na iya shan tara a kan itacen da ya sara ko da a cikin gonarsa ne. Don haka jama'a suka gwammace su kashe tsiro tun yana ƙarami da su raini abin da zai jawo musu magana. Ita kuwa Gwaggo duk inda ta ga ɗan gawo ya leƙo, ko kututturen kalgo ko na sabara ya toho, sai ta kewaye shi. Aka riƙa ce wa gamanarta gonar raguwa. Amsarta ɗaya ce, wai ita ta gaji da tafiyar neman itace, gara ta raini nata a inda ƙafarta za ta kai.

Yadda take yi ba wani asiri ba ne. Lokacin sharar gona, kafin ruwan shuka, takan bi kututture ɗaya bayan ɗaya. Idan ya yi toho goma, ta zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa ta bari, ta yanke sauran, ta rage musu rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, tana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Sai ta ɗaura ƙyalle a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Ba ta sayi iri ba, ba ta yi ban-ruwa ba, domin saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun tuni. Wannan shi ne abin da ake kira sassabin zamani.

Shi kuwa gawo, kowane manomi ya san halinsa daban yake da na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowane itace ke cika da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya bar hatsi ya sha rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su fake a inuwarsa su bar kashi a gindinsa, ƴaƴansa kuma su zama abincin ragon turke. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da girman zangarniya. Ba yau aka san darajarsa ba, domin ana ba da tarihin cewa tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Alal haƙiƙa ba Gwaggo kaɗai ta yi wannan aiki ba. A wajen Maraɗi, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar tun 1983, amma a nan kudancin Damagaram galibi manoma ne suka koya wa juna, maƙwabci ya ga hatsin maƙwabcinsa ya kwaikwaya. A 2006 wasu masana, cikinsu har da Mahamane Larwanou da Chris Reij, sun zagaya ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo cikinsu ta wannan hanya sun kai kusan hekta miliyan 1, kuma gawo ne ya fi yawa. A Nijar baki ɗaya an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Da muka fara aikin rediyo muka ci karo da wannan lissafi, mun zo da murna muka karanta mata. Dariya ta yi, ta tambaye mu ko sun ƙirga da nata, in sun ƙirga to ina ladan gadi.

Rumfar da ba a komawa hannu sake

A kasuwa, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yakuwa da barkono da zogale su ne jarinta. Zogalen daga bayan ɗakinta yake fitowa. Ƴaƴan gawo takan tara a buhu ta sayar wa masu kiwo idan layya ta matso, rassan da ta rage kuma su hutar da ita sayen makamashi. Ita ta fara nuna mana cewa itace ma jari ne, domin shekarar da hatsi ya ƙi, gawo ba ya ƙi.

Wannan magana mun ga gaskiyarta da idonmu a 2005, muna yara ƴan lakwal. Ƙarancin ruwa da farar dango na 2004 sun cinye amfanin gona, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, wuraren kula da yara masu tamowa suka cika maƙil. Gwaggo ta riƙa sayar da itace da ƴaƴan gawo tana auno hatsi tiya-tiya. Kowace la'asar kuma sai ta dafa zogale cikin babbar tukunya ta kwaɗanta da ƙuli, duk yaron unguwa da ya shigo a zuba masa, ba a tambayar ɗan gidan wa ne. A rumfa kuwa, macen da ta zo ba ta da ko dala ba ta komawa hannu sake. Gwaggo ba ta iya rubutu ba, littafin bashinta a kanta yake, kuma mun daɗe da gane cewa da gangan take mance wasu shafukan.

Da tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, ya iso unguwarsu, tana cikin waɗanda aka danƙa wa makullin akwati, kuma ta riƙe shi shekara da shekaru ba a taɓa jin ko dala ta yi ciwon kai ba. Mata nawa ne waɗanda mazansu suka rasu ko aurensu ya mutu ta zaunar kusa da ita, ta auna musu kuka da daddawa bashi, ta ce su sayar su kawo uwar kuɗi su riƙe riba? Wasunsu yau suna da rumfunan kansu. In naƙuda ta kama maƙwabciya da tsakar dare, ƙofarta ake bugawa ta raka ta gidan likita. In rigima ta tashi a kan wurin zama, ita ake kira ta raba.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya muke siffantawa. Gwaggo tana da faɗa, bakinta kuma ya fi barkononta yaji. In ta kama mai tauye awo, ko mai gauraya kuka da wani ganye, kasuwa kaf sai ta ji. Mu kanmu mun sha ranƙwashi a kan karya reshen ɗan gawo don yin bulala. Sai dai faɗanta ba ya kwana.

Ƙullutun da aka ɓoye

A nan ne labarin ya zo inda yake yi mana nauyi. Gwaggo ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, ba ya ciwo, ba ya hana ta komai. Ta yi shiru fiye da shekara guda. Daga baya ta faɗa mana dalilanta, kuma mun tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi za su gane su. Akwai kunyar buɗe jiki gaban likita. Akwai tsoron rufe rumfa, domin ƴar kasuwa in ta kwanta mako biyu abokan ciniki sun koma wani wuri. Akwai kuma maganar da muka tashi muna ji cewa daji ba a sa masa ƙarfe ko allura, wai taɓa shi ke sa ya haukace. Sai ta shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a ɓoye, har ranar da ɗiyarta ta lura ba ta iya ɗaga hannu ta ɗora ƙwarya a ka, ta kuma ga jini a rigarta.

Daga gidan likita aka tura mu Damagaram, daga can kuma zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Tun 2007 gwamnati ta fitar da dokar sauƙaƙa wa mata kuɗin jinyar ciwon dajin mama da na mahaifa, kuma a 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta fara aiki da na'urar gasa ciwon, wadda kafin nan sai an fita waje ake samun irinta. Amma kuɗin mota da masauki da abincin mara lafiya da na mai jinya duk a wuyan iyali suke. Ragunan turkenta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Matan asusunsu suka haɗa abin da ya sawwaƙa suka kawo a ƙulle cikin ƙyalle, alhali su ma ciniki ya tsaya musu sakamakon rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Likitoci ba su ɓoye mana ba, suka ce ciwon ya riga ya yaɗu, za a iya rage mata raɗaɗi a ja lokaci, amma da an zo da wuri da maganar ta sha bamban.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin mama a duniya, 670,000 kuma suka rasu. Irin waɗannan alƙaluma mun sha karanta su a rediyo duk watan Oktoba, watan faɗakarwa a kan wannan ciwo. Amma ba mu taɓa zama ko sau ɗaya mun tambayi matar da ta raine mu ko tana duba jikinta ba. Wannan laifi namu ne, ba mu ɗora wa kowa ba.

Jinya da fara'a

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ta ɗauki al'amarin. Da maganin da ake ɗura mata ta jijiya ya zubar mata da gashin kai, ta ce Alhamdu lillahi an hutar da ita kuɗin kitso. A ɗakin jinya ta zama uwar ɗaki, ta san wadda ba ta da mai kawo abinci, ta san wadda ba ta jin Faransanci balle ta fahimci abin da likita ya faɗa, sai ta aike mu mu je mu fassara. Akwai wata Bazabarma da ba su jin yaren juna, amma kullum kwanonsu ɗaya. Ba wai ba ta jin ciwo ba ne. Mun sha farkawa cikin dare mu ji tana nishi a hankali tana ambaton Allah, da ta ga mun motsa sai ta yi shiru ta ce sauro ne ya dame ta.

Da aka dawo da ita gida, abu na farko da ta nema shi ne a kai ta gona. Aka shimfiɗa mata tabarma a amalanken shanu. Lokacin rani ne, gawon ya yi kore, ta zauna a inuwar wanda ta fara bari tun shekarar El-Buhari, wanda yanzu mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. Ta sa jikokinta suka riƙa kawo mata rahoton kowane toho, tana nuna musu da sanda wanda za a bari da wanda za a yanke.

A nan ne ta kira mu ta ce: "Kai ɗan rediyo, matso. Ni da nake hango ɗan gawo tun yana ganye biyu, na kasa duba abin da ya tsiro a jikina. Ka je ka faɗa wa mata, ban yarda wata ta yi irin wautata ba."

Ba ta tsaya ga aike ba. Ranar zubin asusu ta sa aka tara matan a ɗakinta, aka fitar da maza da yara, ta buɗe musu jikinta suka gani, ita da kunya ta hana ta zuwa likita. Daga wannan zama mata uku suka je aka duba su. Biyu aka ce ba komai ba ne, ɗaya kuma aka tare nata da wuri, yanzu haka tana nan tana cin kasuwarta.

To, iyayenmu mata, ga saƙon Gwaggo mun isar. Sau ɗaya a wata, bayan an gama al'ada, mace ta shafa mamanta da hammatarta da tafin yatsu. In ta ji ƙullutu ko da ba ya ciwo, ko ta ga fatar wurin ta canja, ko kan maman ya shige ciki, ko jini ko wani ruwa na fita alhali ba ta shayarwa, to ta nufi gidan likita ba tare da jira ba. Mafi yawan ƙullutu ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya bambancewa. Kasuwar yini ɗaya da za a rasa ba ta kai rumfar da za a rufe har abada ba. Ku kuma mazaje da ƴaƴa, kada ku yi irin namu, ku tambaya, ku ba da kuɗin mota, ku raka.

Abin da ta bari

Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga wani mai sana'ar itace ya zo gaisuwa, bayan addu'a ya ɗan karkata ya tambaya ko magada za su sayar da itatuwan gamanar. Ba mu ga laifinsa ba, sana'arsa ce, kuma gaskiya jinya ta bar mana bashi. Wasu cikin dangi suka fara lissafi. Sai ga matan asusu sun shigo gidan su goma sha, babbarsu ta ce wa babanmu: "Malam, ba mu da gado a nan, amma muna da magana. Ku bar mata itatuwanta."

An kwana biyu ana ja-in-ja. Aka tuna cewa gawo na cikin itatuwan da dokar gandun daji ta ba kariya, ba a sare shi haka kawai, ko da yake dokar da aka fitar a 2020 a kan sassabin zamani ta amince da haƙƙin manomi na cin moriyar itacen da ya raina. Liman kuma ya tunatar da mu cewa itacen da mutum ko dabba ko tsuntsu ke amfana da shi sadaka ce ga wanda ya raine shi, to don me za mu yanke mata ladan da ke isar mata? A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba za a sare ko ɗaya ba. Bashin za mu biya a hankali, kuɗin ƴaƴan gawo na kowace shekara kuma a zuba a akwatin asusu, a ware shi don kuɗin motar duk macen da likita ya tura Damagaram.

Duniya ta san Wangari Maathai ta ƙasar Kenya, wadda ta jagoranci mata wajen dashen miliyoyin itatuwa, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ita ma ciwon daji ya yi ajalinta a 2011. Ta san Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya mayar da faƙo daji, wanda ya rasu a watan Disamban 2023. Gwaggo ba ta taɓa jin sunansu ba, babu kuma wanda ya taɓa ba ta lambar yabo. Irinta suna nan da yawa a kasuwannin Matamaye da Kance da Magarya da Mirya, suna zaune a bayan faifan kuka, ba wanda ya san inuwar da ake sha a hanyar gona aikin hannunsu ce. Tun 1975 ake dashen itace a ƙasar nan duk ranar 3 ga Agusta, amma mu a gidanmu ba sai mun jira ranar ba, domin an bar mana aikin da za mu riƙa yi duk sharar gona.

Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wanda ya taɓa cin kwaɗon zogalenta, ko ya ci bashinta ta mance, ko ya huta a gindin gawonta, muna roƙon ya sa ta a addu'a. Wanda kuma ta yi wa faɗa ya ji haushi, ya yafe mata. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Sai mun sake saduwa, a ci kasuwa lafiya.